Firam Ɗari a Shagon Agogo

Shekara takwas Auta ta yi tana ɗaukar bidiyo a wani kamfanin tallace-tallace, amma a gidansu ba wanda ya san takamaiman aikinta. Idan baƙo ya tambaya, sai Mama ta ce, "Tana riƙe musu kyamara," da irin muryar da ake cewa wance tana riƙe wa matafiya jaka a tasha. Auta ta daina gyara maganar tun tuni. Ita ce ƙarama a gidan, kuma ta lura ko furfura ta fito mata, a idonsu ƙwarewarta ba za ta wuce a aike ta sayo sukari ba.

Yayanta kuwa, babban ɗan gidan, a sashen ajiyar kaya na wani ofis yake aiki, sai dai Allah ya yi masa baiwar ƙwarewa cikin gaggawa. Shekarar da ya kwance injin wutar gidan don ya gyara, Injiniya ake kiransa. Injin yana nan a bayan gida cikin buhu biyu. Da ya fara kiwon kifi a baho ya koma Manaja, har zuwa safiyar da kifayen suka haɗa baki suka mutu gaba ɗaya. Bana kuma kyamara ya saya. Ya kwashe ranakun hutu uku yana kallon darussa a waya, ya sayo hular hana rana da wata riga mai aljihu goma sha biyu. Matarsa ta raɗa masa Darakta, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, bai ko tsaya duba ko zolaya ce ba.

Mahaifinsu mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne, taku huɗu a tsaye uku a kwance, a tsakanin wani tela da mai sayar da cajar waya. Teburi ɗaya ne a ciki mai gilashi a sama, da kujerar da ta lotsa daidai jikinsa, da agogunan bango goma sha ɗaya waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba. A sama akwai dogon ƙwan lantarki mai zuzu kamar ƙudan zuma ya maƙale a kwalba. Shekara arba'in Baba ya yi a wannan kujera. Auta ta sha roƙonsa ya bari ta ɗauke shi yana aiki, ko da minti biyar ne, amsar kullum ɗaya ce: "Je ki ɗauki masu tallan sabulu, ni ina da abin yi."

Darakta bai roƙa ba. Kwana huɗu ya yi yana zuwa da safe yana bayani a kan tarihi, da jikoki, da yadda duniya ta ci gaba ta bar wasu a baya. A rana ta biyar Baba ya ce ya yarda, don dai ya samu ya sha shayinsa kafin ya huce.

Abin ya sosa wa Auta rai, amma ta haɗiye. Da Darakta ya kira ta a waya ya ce ta zo ranar hutu ta taya shi, ta ce to.

"Ki zo da wuri," in ji shi. "Dama ce gare ki. Za ki ga yadda ake aiki."

Ƙarfe goma na safe ta same shi ya riga ya cika shagon. Ya kafa ƙafafun kyamarar uku a bakin ƙofa daidai inda hasken rana ke shigowa, ya toshe sauran da faɗin bayansa. Ya rataya abin sauraro a wuya, bai sa a kunne ba, don kada ya ɓata zaman hular. Ya miƙa mata wani farin kwali.

"Riƙe nan. Ki karkato da haske fuskar Baba."

"Wane hasken, Yaya? Ka tare ƙofar."

"Ke dai riƙe."

Ta riƙe. Daga inda take tsaye tana hango ɗan allon kyamarar, kuma idon da ya yi shekara takwas yana karanta lambobin nan ba ya iya kawar da kai.

"Yaya, firam ɗari ka sa?"

"Ɗari cif. Da tana kaiwa dubu, da dubu zan sa."

"Ai ashirin da biyar ake sawa idan mutum zai yi magana. Ɗari na sulo ne, komai zai riƙa tafiya a hankali. Kuma irin wannan kyamarar in ka sa ta a nan, ba ta..."

"Tsaya, tsaya." Ya ɗaga hannu. "Bidiyo mene ne? Hotuna ne a jere, ko ba haka ba? To, hoto ashirin da biyar a sakan ɗaya, da hoto ɗari a sakan ɗaya, wanne ya fi yawa?"

"Ɗari."

"Madalla. Ashe makarantar ba ta tashi a banza ba."

Daga nan ya koma kan shata, wato ɗan ƙyauren da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga kowane hoto. Ya yi ta murza maɓallin da babban yatsa yana gyaɗa kai, lambar tana hawa, har ta kai ɗaya bisa dubu biyu na sakan. Allon ya yi duhu ɗim kamar an leƙa rijiya.

"Ɗaya bisa nawa ka ce?" Baba ne ya tambaya, bai ɗago daga agogon da yake gogewa ba.

"Dubu biyu, Baba. Don hoton ya fita tar, ba dishi-dishi."

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina bin sakan a guje, ban taɓa ganin wanda ya yanka shi dubu biyu ba. In ka buɗe ido na ɗan wannan lokacin, me za ka gani?"

"Fasaha ce, Baba."

"Au, fasaha ce. Yi haƙuri, ban sani ba."

Duhun bai dami Darakta ba, don ya san maganinsa. Ya nemo lambar da aka rubuta ISO a kanta, wadda ke tilasta wa kyamara ta ƙirƙiro hasken da babu, ya tura ta har ƙarshe. Fuskar Baba ta dawo kan allon, sai dai ta dawo da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata yashi, ga wasu baƙaƙen layuka suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa.

"Ka ga layukan nan?" in ji Auta. "Ƙwan lantarkin ne. Ƙiftawa yake yi, idonmu ne ba ya gani. Shatarka ta fi shi sauri, shi ya sa take kama shi. Ka sauko da ita, mu kashe ƙwan, ka matsa daga ƙofa."

Darakta ya hura wa allon iska, ya goge da gefen rigarsa. "Ƙura ce. Auta, kin san matsalarki? Kin saba da aikin kamfani, inda ake ce miki sa kaza ki sa kaza. Nan kuwa ƙirƙira ake yi."

Ya zaro ɗan makirfo daga aljihu na bakwai, ya maƙala wa Baba a wuyan riga cikin girmamawa, kamar mai ba da lambar yabo. Ya ce Baba ya ce gwaji. Baba ya ce gwaji. Darakta ya ɗaga babban yatsa, abin sauraron yana lilo a ƙirjinsa.

A nan ne Auta ta buɗe baki za ta ƙarasa maganar da ya katse, cewa kyamarar nan ba ta ɗaukar murya ko kaɗan idan tana kan firam ɗari. Kalmomin sun zo har bakinta. Sai ta dubi hular, ta dubi aljihunan, ta tuna "za ki ga yadda ake aiki", ta ja bakinta ta tsuke. A ranta ta ce, bari ya gani da idonsa. Me Baba zai faɗa ma? Mutumin da idan ya yi maka jimla uku a rana to ranar ya yi surutu.

Baba ya sa madubin ido ɗaya, ya buɗe bayan wani tsohon agogon hannu irin wanda ake murɗawa, ya ɗan juya kafaɗa kamar mai kare aikinsa daga iska. Minti biyar na farko ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin agogunan bango. Darakta ya ce, "Baba, ka ɗan yi bayani mana, don masu kallo."

"Wannan agogo ne," in ji Baba.

Sai kuma, ko shirun ne ya yi masa daɗi, ko agogon ne ya tuna masa wani abu, ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan aikin. Ya ce irin wannan ne wata yarinya ta riƙa kawo masa shekarar da ya buɗe shagon. Sau uku ta kawo a wata ɗaya, wai ya tsaya. Duk buɗewar da zai yi sai ya tarar lafiyarsa ƙalau, murɗawa ce kawai ba a yi ba. Ya murɗa ya miƙa mata, ta yi godiya ta tafi, shi kuma ya zauna yana zagin kansa don ya kasa ce mata komai. A karo na uku tsoro ya kama shi kada ta gaji ta daina zuwa. Sai ya zare wani ɗan sukuru daga ciki, ƙanƙani kamar ƙwayar gishiri, yadda agogon zai yi kwana biyu ya tsaya da gaske.

"Shi ne agogo ɗaya tak da na ɓata da gangan a rayuwata," in ji shi. "Ta dawo a fusace, ta ce ashe ban iya aiki ba. Faɗan da ta yi mini ranar shi ne hirarmu ta farko. Har yau uwarku ba ta san ni na cire ba."

Auta ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ba ta taɓa jin wannan labari ba, kuma ta san ba ya shiga ko'ina sai kunnenta. Wayarta tana cikin jaka a bayan kujera. Hannuwanta biyu suna kan kwalin. Ta san idan ta motsa, ko ta ce a dakata, Baba zai rufe baki, kuma ba zai sake buɗewa ba. Ta dubi Darakta ko shi ya ji. Yana can ya manna ido a allo, yana jawo hoton kusa yana mayarwa, harshensa a waje don tsabar ƙirƙira. Ta tsaya ƙyam da kwalinta, Baba ya yi ta magana har rabin awa, a kan maigidan da ya koya masa aiki, da shekarar da agogon batir ya shigo kowa ya ce sana'ar ta mutu.

"Kat!" in ji Darakta. "Baba, ka yi ƙoƙari. Ban dai so yawan surutun ba, amma za mu rage."

Washegari da la'asar aka taru a falo don kallo. Darakta ya ƙi duba abin da ya ɗauka tukuna, wai yana so ya gani tare da jama'a. Ya gayyato Tela maƙwabcin Baba, ya sa matarsa ta jera kujeru, ya tsaya gaban talabijin ya yi jawabin minti goma a kan wahalar da mai fasaha ke sha a cikin dangin da ba su fahimce shi ba. Sannan ya danna.

Wani abu mai kama da Baba ya bayyana a cikin guguwar yashi. Baƙaƙen layuka suna bi ta kansa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana sauke masa labule ana ɗagewa. Ya fara ƙifta ido. Aka jira. Ya gama ƙiftawa. Wani ƙuda ya ratso ta gaban hancinsa cikin natsuwa da ƙasaita, ana ganin kowane bugun fiffikensa.

"Kai, ƙudan nan ya fito da kyau," in ji matar Darakta. "Ɗan wa ne?"

"Salo ne," in ji Darakta. "Ku dai ku kalla."

Suka kalla. Can bakin Baba ya fara buɗewa a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar kifi a baho.

"Ƙarar fa?" in ji Tela.

Darakta ya ƙara murya zuwa talatin, zuwa sittin, zuwa ɗari. Talabijin ɗin ya yi ta huci, ba kalma ko ɗaya. Ya ce wayar haɗin ce, ya cire ya hura ya mayar. Ya ce talabijin ɗin ne tsoho. Ya ce makirfon jabu aka sayar masa, kuma gobe sai mai shagon ya gane kurensa.

"Rabin awa ka ɗauka, Yaya," in ji Auta, muryarta a sanyaye. "A haka awa biyu zai yi. Kuma babu murya a ciki daga farko har ƙarshe. Ba ta ɗauka a firam ɗari."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta so ta ce ta fara faɗa ya katse ta. Gaskiya ce, amma rabi ce.

Mama ta gyara zama tana kallon allon. "Shekara kusan arba'in ina tare da mutumin nan, ban taɓa ganin bakinsa ya yi aiki haka ba. Rana ɗaya da ya yi, an ɗauko mini shi ba sauti. Me kake ta faɗa ne haka?"

"Farashin batir," in ji Baba.

Aka yi dariya, har da Darakta, wanda ya fara murna an bar maganar makirfo. A daidai nan ne hoton ya matso kusa, inda ya jawo shi kan hannuwan Baba.

Shatar nan mai yanka sakan dubu biyu ta yi aikinta. Duk da yashin da layukan, kowane hoto ya fita tsaf, ba inda motsi ya ɓuya. Hannun dama na Baba yana riƙe da hantsaki, bakin hantsakin yana ɗauke da ɗan sukuru, yana tafiya zuwa raminsa. Bai tafi kai tsaye ba. Ya kaɗa hagu, ya kaɗa dama, ya sake kaɗawa, a hankali, ba fasawa, kamar reshe a cikin iska. Ya wuce ramin. Ya dawo ya sake wucewa. Sai hannun hagu ya taso daga ƙarƙashin teburi ya dafe wuyan na daman, ya danne shi, sannan sukurun ya shiga. Abin da a shago bai fi ƙiftawa biyu ba, wanda Baba ya kare da kafaɗarsa, ga shi an baje shi a bango kowa yana ƙare masa kallo.

Dariyar ta ɗauke. Tela ya sunkuyar da kai yana duba ɗinkin hannun rigarsa. Auta ta tuna watannin nan da Baba ke mayar da ƙananan agogunan mata yana cewa ba shi da kayan gyaransu, da yadda ya koma shan shayi rabin kofi. Ta dubi Mama. Mama ba allon take kallo ba, mijinta take kallo, kuma babu mamaki a fuskarta.

"To," in ji Baba, ya dafa gwiwa ya miƙe. "An gama, ko akwai kashi na biyu? Darakta, sannu da aiki. Ka ce za ka nuna wa duniya sana'ata, ga shi ka nuna."

Ya shige ɗaki. Darakta ya tsaya da rimot a hannu, karo na farko a tarihin gidan ba shi da bayani.

Da safe kafin ta wuce aiki, Auta ta biya shagon da tata kyamarar a jaka. Ta tarar da Baba ya buɗe, yana zaune, hannuwansa a ƙarƙashin teburi. Ta gaishe shi, ya amsa.

"An aiko ki ki ƙarasa ni ne?"

"Baba, na san babu murya tun kafin ka fara magana. Na yi shiru ne don Yaya ya ji kunya."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ya ji?"

"Kaɗan."

"To kin ci riba. Ni na biya, amma kin ci riba." Ya rage murya. "Abin da na faɗa shekaranjiya, ke kaɗai kika ji?"

"Ni kaɗai."

"Ya tsaya a nan."

"Ba za ka maimaita ba? Ko sau ɗaya, in ɗauka da kyau?"

"Na faɗa sau ɗaya a shekara arba'in. Ki dawo bayan wasu arba'in ɗin."

Ta san ba wasa yake ba, kuma ta san ita ta jawo. Ta zauna a kan wani akwati, jakar a cinyarta. Can ya fito da hannun daman ya ɗora a kan gilashin teburin. A ajiye lafiya lau yake. Ya ɗauki hantsaki, nan take bakin ya fara rawa.

"Wata takwas ke nan," in ji shi. "Naki injin ma haka zai nuna shi?"

"Zai nuna. Amma yadda mutum zai gani in yana tsaye a nan, ba yadda na jiya ya yi ba."

"Bambancin me?"

Ta ciro kyamarar ta nuna masa. Ta ce za ta sa hoto ashirin da biyar a sakan, don lokaci ya tafi yadda yake tafiya. Shata kuma ɗaya bisa hamsin.

"Rabin rabon kowane hoto ke nan," in ji Baba, kafin ta ƙarasa. "Rabi ido a buɗe, rabi a rufe."

"Haka ne." Ta yi murmushi. Abin da ta yi wata guda kafin ta gane a wurin aiki, ya ɗauke shi a numfashi ɗaya. "A haka motsi yana ɗan gauraya, kamar yadda ido ya saba gani."

"Shi kuma wancan ya sa dubu biyu."

"Ya ce ta fi yawa."

"Ai kuwa ta fi yawa. Ba wanda zai ce ɗana bai iya ƙirga ba."

Ta kashe dogon ƙwan, zuzun ya ɗauke, shagon ya yi tsit in ban da agogunan bango. Ta buɗe ƙofar har ƙarshe, ta kafa kyamarar a gefe yadda hasken safiya zai faɗo kan teburin ba tare da ta tare shi ba. Ta jingina farin kwalin shekaranjiya a jikin bango, ya tsaya da kansa, ba ya bukatar mai digiri ta riƙe shi. Ta buɗe bakin gilashin kyamarar daidai yadda hannu da agogo za su fito tare, ta sauko da ISO ƙasa, sannan ta kulle hasken don kada ya riƙa hawa da sauka duk lokacin da wani ya gifta ta ƙofar. Ta sa abin sauraro a kunne, ta ji numfashinsa da ƙarar hantsaki a kan gilashi.

"Ba sai ka yi magana ba, Baba."

"Da ma ban yi niyya ba."

Ya yi aikin minti ashirin. Da ya zo sa sukuru ya fara juya kafaɗa, sai ya fasa, ya bar hannun hagu ya dafe na daman a fili. Ya rufe bayan agogon, ya murɗa, ya kai kunne, sannan ya miƙa shi saitin makirfon don ita ma ta ji.

Zuwa asibiti kuwa Mama ce ta yanke, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ce wata takwas tana jiran ya faɗa da bakinsa, tunda talabijin ya riga shi, magana ta ƙare. Darakta ya kai su a motarsa, ya shiga har gaban likita da kwamfuta a hammata, ya dage sai an kalli bidiyonsa. Likitan ya kalli sakan ashirin, ya ce ya gani, sannan ya sa Baba ya miƙa hannu, ya zana da'ira a takarda, ya ɗaga kofin ruwa. Ya ce irin rawar hannun nan ce mai tashi idan mutum ya kama aiki, ba ta kisa, ba ta kuma warkewa, amma akwai ƙwayar da ke rage ta.

Kafin su iso gida labarin ya canza kama. Darakta ya kira dangi ɗaya bayan ɗaya ya shaida musu cewa shi ya gano ciwon Baba. Ya daɗe yana zargi, in ji shi, shi ya sa ya zaɓi firam ɗari da gangan, ya kuma cire murya don kada ta ɗauke wa likita hankali. Likitan ma, wai, sai da ya miƙe tsaye. Matarsa ta ce ita ma ta ji an ce ya miƙe, lokacin da zai raka su ƙofa.

Auta ba ta musa ba. Haushinta ɗaya, a cikin ƙaryar akwai 'yar gaskiya: da an bi tata tun farko, da an sami bidiyo mai kyau da murya, Baba kuma ya ci gaba da ɓoye hannunsa har Allah ya san yaushe.

Ƙwayar ta rage rawar, ba ta kore ta ba. Baba ya daina karɓar ƙananan agogunan, yanzu kuma ba ya cewa kayan gyara ne babu. Yana cewa hannun ne ya yi ritaya ya bar shi a bakin aiki. Manyan na hannu da na bango kuwa yana nan yana yi.

Bayan mako biyu Auta ta kawo wa Baba nata bidiyon, ta tace shi ya koma minti shida. Ta ɗora kwamfutar a kan teburin gilashin. Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe: hasken ƙofa a kan yatsunsa, ƙurar da ke yawo a cikinsa, hannu ɗaya yana taimakon ɗaya, da ƙas-ƙas ɗin agogon a ƙarshe. Ya ce ta mayar. Ta mayar, ya sake kalla.

"In cire wurin hannun?" ta tambaya.

"In kin cire, wa zai sa sukurun?" Ya cire tabarau yana gogewa. "Mutumin nan ya iya aiki. Ya dai tsufa. A ina kika samo shi?"

Ya ce ta sa masa a waya, ta kuma nuna masa inda ake dannawa, sau uku, yana cewa wayar ce ba ta da tsari.

Bayan wata guda ta haɗu da Tela a bakin titi, ya tare ta tun kafin ta gama gaishe shi. Ya ce don Allah ta yi wa mahaifinta magana. Duk wanda ya zo karɓar agogo sai ya tsaya ya kalli minti shidan nan kafin a ba shi kayansa, in kuwa ya yi magana a tsakiya, a koma farko. Shi da yake maƙwabci ya kalla sau goma sha tara, jiya ma da almakashi a hannunsa aka kira shi.

"Zan yi masa magana," in ji Auta.

"Yauwa." Ya waiga shagonsa. "Ni nawa wurin da rana ta yamma ya fi haske. In kin tashi zuwa, ki zo bayan ƙarfe huɗu."